Bishiyar Kawu Hilarion

Merlina Darroux tana zaune a ofishinsu na Roseau, babban birnin tsibirin Dominika, da abin sauraro a kunne lokacin da ta ji tarin kawunta.

Aikinta ke nan tun da aka fara binciken, sauraron daji. Bayan babbar guguwar da ta kware duwatsun Dominika ta bar su tsirara, babu wanda ya san ko siseru nawa suka rage, manyan akun nan masu shunayyar ƙirji. Waɗanda suka tsira ma sun watse zuwa wuraren da ba a saba ganinsu ba. Don haka ita da abokan aikinta suka bi kurmi suna ɗaura ƙananan na'urorin naɗar sauti a jikin bishiyoyi, lokaci-lokaci su je su kwaso abin da aka naɗa. Yawanci ruwan sama ne da kwaɗi. Ranar nan kuwa, a na'urar da ta ɗaura can saman garinsu Salybia, sai ga siseru biyu suna amsa wa juna daga wuri guda kowace safiya. Alamar sheƙa ke nan. Ta mayar da naɗin baya don ta tabbatar, sai ta ji saran adda a ƙarƙashin kukan, sannan tari, busasshen tarin nan mai hawa biyu da Kawu Hilarion yake yi tun tana yarinya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Asabar ta hau motar gida.

Ta same shi a rumfarsa ta bakin teku yana wasa gizago. Hilarion Valmond yayan mahaifiyarta ne, ya haura saba'in, kuma cikin masu sassaƙa kwalekwale na Kalinago, ƙabilarsu ta 'yan asalin tsibirin, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage.

"Likitar tsuntsaye ta tuna da mu," ya ce, bai ɗago ba.

"Ina wuni, Kawu. Me kake sara a saman kogi?"

Hannunsa ya tsaya. "Wa ya gaya miki?"

"Tarinka."

Da ta yi masa bayanin na'urar sai ya yi dariya har tarin ya dawo. "To, yanzu bishiyoyi ma sun koyi tsegumi."

Bai ɓoye mata komai ba. Akwai wata bishiyar gomiye a can, wadda shi da marigayi mahaifinta suka sa wa alama tun suna samari, suka ce a bar ta ta ƙara kauri. Guguwa ta farfasa kwalekwalensa, ta kakkarya manyan bishiyoyin da ke kusa, amma wannan ta tsaya. Ya share hanya, ya kira gayya. Da wata ya fara raguwa za su kayar da ita, su fafe ta a can, su jawo ta ƙasa da igiya.

"Ka kai ni in gan ta," in ji Merlina.

Washegari bayan an taso daga coci suka kama hanya. Shi ne a gaba da adda. Ta lura yana yawan tsayawa, wai yana duba wani ganye ko sawun dabba, ita ma sai ta tsaya ta duba tare da shi har numfashinsa ya dawo.

Bishiyar ta miƙe sak kamar an auna ta, ba reshe sai can sama, farin ƙaro yana tsattsafowa daga jikinta yana ƙamshi. Ya dafa ta da tafin hannu. Merlina kuwa sama take kallo. A gefen gomiyen akwai wata tsohuwar bishiya da guguwa ta cire wa kai, da kogo a jikinta, kuma igiyoyin kuranga sun ɗaure su biyun tamau. Ba su daɗe ba baƙin kan wani siseru ya leƙo daga kogon, ya dube su, ya koma.

"Na san da su," in ji Hilarion. "Ta gabas zan kayar da ita. Ba abin da zai taɓa gidansu."

"Kawu, dubi kurangar nan."

Ya daɗe yana duba.

"Ko ba ta ja ta ba," ta ce, "ƙarar gatari da hayaniyar mutane za su sa uwar ta watsar da ƙwan. Ka bari ɗan ya tashi."

"Yaushe zai tashi?"

"Sai damina ta yi nisa."

"A damina wa zai ja gungume cikin taɓon nan? Kin ce sai baɗi ke nan. Dube ni da kyau, 'yar nan. Kin ga yadda na hau yau."

Ta gani. Ta kuma san cewa idan ta yi shiru babu wanda zai sake sauraron naɗin nan, don ita kaɗai aka ba wa wannan yankin. Ta tsaya tana jin ƙamshin ƙaron, irin wanda mahaifinta yake kunna wuta da shi a murhu.

"Gobe zan kai rahoto," ta ce. "Ban so ka ji a bakin wani ba."

Ya ɗauke hannunsa daga jikin bishiyar. "Yi aikinki," ya ce, ya juya ya fara gangarawa.

Ta yi aikinta. Shugaban binciken, Dakta Alleyne, wani dogon mutumin Barbados da bai cika fara'a ba, har tasowa ya yi daga kujerarsa ya ba ta hannu. Sheƙar farko ke nan da aka samu a gabashin tsibirin tun bayan guguwar. Cikin makon jami'an gandun daji suka hau suka zagaye bishiyoyin biyu da jan fenti, aka hana sara a kwarin baki ɗaya.

A Salybia labari ya riga ta isa. Da ta shiga gidan da ake gasa gurasar rogo, wata mata ta ce da ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, "Matsa mata, ga uwar aku nan."

"Merlina," in ji wata, "in ɗan naku ya girma, shi zai riƙa kamo mana kifi?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta karɓi gurasarta ta fita. An yi taro a kan maganar. Wasu suka ce kakanninsu suna sassaƙa gomiye tun kafin a san da Roseau, kuma aku bai ƙare ba sai da baƙi suka zo da bindiga da gonakin ayaba. Wasu suka ce masu yawon buɗe ido za su zo kallon tsuntsun. Merlina ta miƙe ta faɗi abin da ta sani da abin da ba ta sani ba, aka saurare ta, aka watse. Hilarion bai zo ba. Mahaifiyarta Eudora kuwa ta zuba mata gwaza da kifi ta ce, "Shi cikinmu ɗaya, ke ni na haife ki. Kada wanda ya tambaye ni. Ci abincinki."

Ɗan ya tashi da damina ta yi nisa, kamar yadda ta faɗa. Tana cikin bukkar ganye da ta yi nesa kaɗan, ruwa yana ɗiga mata a wuya, ta ga ya fito bakin kogon, ya yi ta jinkiri, sannan ya saki jiki ya faɗo kan wani reshe na ƙasa. Ya zauna a nan kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi, iyayen suna ta kururuwa a samansa. Ta ɗauki hotuna. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya fito a mujallar masana, da sunanta a ƙarƙashi. Ta ji daɗi, ko da yake bai kai yadda ta zata ba.

Da rani ya zagayo, tsuntsayen ba su dawo ba. Zuma ce ta shige kogon. Merlina ta nemi a ɗage hanin, aka ce sai an ƙara jiran shekara biyu, don siseru kan tsallake shekara su komo tsohon gidansu. Ba ta yi musu ba. Ita ce ta rubuta wannan shawarar a rahotonta na farko, kuma har yanzu tana ganin daidai ce.

Hilarion bai jira ba. Ya sami wata gomiye ƙarama a ƙasa, a gonar wani ɗan'uwansa, ya sake kiran gayya. Ranar da za a jawo gungumen Merlina ta zo da kwandon abinci a ka.

"Wa ya gayyato hukuma?" ya ce da mazan da ke riƙe da igiya.

"Mama ce ta aiko ni."

Ya dube ta, ya dubi takalman dajin da ke ƙafarta. "Ajiye, ki kama can baya. Da jiki ake ja, ba da hannu ba."

Ta kama. Suka yini suna ja, ana waƙa ana zagin juna, tafin hannunta ya saɓule. A bakin teku aka cika cikin gungumen da duwatsu da ruwa, aka hura wuta a gefensa har ya buɗe. Kwalekwale ne mai kyau, amma mutum biyu yake ɗauka, ba huɗu ba. Hilarion ya fita teku da shi 'yan lokuta, sannan gwiwa ta hana shi, ya bar wa maƙwabcinsa Fitzroy yana kawo masa rabonsa na kifi.

Da aka ɗage hanin daga ƙarshe, ita da kanta ta kai masa labari. Yana zaune a ƙofar gida yana saƙa kwandon kamun kifi, ƙafarsa ɗaya a miƙe a kan benci.

"Bishiyarka ce yanzu, Kawu. An goge fentin."

"Wa zai hau?" ya ce. Ya ja zaren gora ya matse. "Gaya wa Fitzroy, ko yana so."

Su biyun sun san Fitzroy yana neman jirgin roba mai inji, kuma ba ya da niyyar riƙe gizago. Ta jawo kujera ta zauna. Ya miƙo mata bakin kwandon ta riƙe masa.

"Ina tsuntsayen suka koma?" ya tambaya bayan wani lokaci.

"Ba mu sani ba tukuna. An ga wasu uku a arewa, wataƙila su ne."

"Wataƙila."

"Ba mu sa musu zoben shaida a ƙafa ba. Ba yadda za a tabbatar."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da saƙa. Can ya ce ta sassauta hannu, tana karkata masa bakin kwandon. Ta sassauta. Da motar Roseau ta yi oda a kan titi ya ce ta tashi kada ta rasa ta, kuma in ta bi ta gida ta gaya wa uwarta man zafin da ta aiko ya ƙare.