Shifa ta Mma Zuera

…kuma ai ba sata na zo yi ba. 'Yata ce. Ni na ɗauki cikinta, ni na sha naƙudar kwana biyu. To me ya sa tun da na sauka daga motar trotro a Nima nake ta jan ƙafa? Na tsaya na sayi kuɓewar da ba na buƙata. Na gaida mai gyaran waya sau biyu. Lungun da nake bi ko ido rufe, yau sai da na zagaya ta bakin gota, babbar kwatar nan, don kawai hanyar ta ƙara tsawo.

Ga ni dai a kan benci, a tsakar gidan da aka haife ni. Ga Mma Zuera, yayar babana, a kujerarta 'yar tsugunno, ga Shifa a tsakanin ƙafafunta ana yi mata kitso. Mabuɗin sabon gida yana cikin jakata. Na gaishe ta, ta amsa, na tambayi gwiwarta, ta ce da sauƙi — shi ke nan maganata ta ƙare.

Kai ka huta, Rauf, maigidana. Ka ce gwaggona ce, ni ya kamata in faɗa mata, ka saɓa jakarka ka tafi aiki ranar Asabar, kai da ba ka taɓa aikin Asabar ba. Wajen zaɓen unguwa kuwa ba a fi ka baki ba. Nan cunkoso, can ruwa na cin gida da damina, wancan babu masallaci kusa. Wata huɗu muna yawo kafin mu dace da na Tema. Ɗaki biyu da falo, famfo a ciki, titi shiru har kana jin takun ƙafarka. Minti goma sha biyar a ƙafa zuwa asibitin da nake aiki. Ni da nake barin Maamobi da ɗanyar alwalar asuba, mota biyu, in isa wurin marasa lafiya na fi su jigata… laifi ne don na so hutu?

Ga kuma sukuu ɗin, makarantar bokon can. Yara ashirin da biyar a aji, kowa da kujerarsa, har da ɗakin littattafai mai labule. A nan su saba'in ne, uku a benci ɗaya, ga Shifa shekararta tara tana bin harafi da yatsa. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce na yi tunani. Wane tunani — a gaban shugabar makarantar na ce "Shifa" da ƙarfi, na ce 'yata ce, daɗi ya kama ni har na maimaita. A gidan nan ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, da kunya. Yarinyar, nake cewa. Yarinyar Mma.

Baba ne ya ɗauke ta ranar da aka yaye ta, Allah ya ji ƙansa. Daga ƙofar ɗakinmu zuwa ta Mma taku goma ne, amma sai da ya sa babbar riga, ya tara dattawan gidan, aka raba goro. Ya ce wa yayarsa ga 'ya, ba aro ba ce. Mma da ta yi aure uku ba ta taɓa ko ɓari ba, ta kasa ɗaura goyo, sai da aka kama mata zanen. Aka juyo gare ni, aka ce uwa ta yi magana. Na ce na ba ta duniya da lahira.

Na faɗa. Da bakina, ba wanda ya matsa mini. Kuma ban yi kuka ba, wannan ne abin da ban taɓa gaya maka ba, Rauf. Takardar shiga makarantar koyon jinya tana ƙarƙashin matashina, zuciyata wasai. Na ce ai wasu na tafe, bakwai, takwas, har in gaji…

Shekara bakwai ke nan, ko ɓatan wata. To don sukuu ne, Safara'u? Faɗi gaskiya, ba mai jin ki. Don aji mai yara ashirin da biyar ne, ko don ɗaki na biyun da kika tsaya a cikinsa kika ga ba ki da wanda za ki kwantar? Na sayi labule ruwan hoda kafin in sayi tukunya. Na san zafin hannu wayam, na san shi sarai, kuma shi na ɗauko zan ajiye wa tsohuwa mai ciwon gwiwa.

In ce mata me? Za ta riƙa zuwa ranar Juma'a da yamma? Ƙarya, akwai lesin ranar Asabar. Ki biyo mu? Ta bar gasarar kokonta, da 'yan layin da ke jiran ta da kwano tun da sassafe, ta je ta zauna a falo tana kallon bango? Ba za ta je ba. Kuma — Allah na tuba — ban so ta ce za ta je.

Bari ta gama wannan layin kitson. In ta kai ƙarshe sai in ce, Mma, da magana. Ta kai. Ta tsaga wani. To bari ta gama wannan…

Mene ne wancan a igiyar shanya?

Kore mai gida-gida, da farin wuya. Biyu. Tsakanin zanen Mma da hijabin makarantar allo. Inna lillahi. Ni da wayona na kai yadin yunifom wurin Gajere tela, na bakin lungu, wanda ya ɗinka wa yarinyar kowace rigar salla tun tana rarrafe. Na ba shi awo da ka, na ce ya yi shiru zan zo in karɓa. Awo da ka! Ina Gajere zai yanka yadi da awona alhali mai 'ya tana taku ashirin daga kekensa? Ya zo ya auna a nan. A gabanta. Launin da babu sukuu ɗin da ke sa shi duk faɗin Nima da Maamobi.

Ta sani ke nan. Tun yaushe? Ta karɓa, ta wanke, ta shanya — ba ta yarda yarinyar ta sa sabon kaya ba wanki ba. Na zauna ina tambayar gwiwarta, ita tana amsa mini da sauƙi.

Ba ta ɗago ba, ta miƙo mini tsinken tsaga.

"Safara'u, zo ki gama. Can Tema ba mai yi mata. Gefen hagu kar ki ja, ba ta so."

Na sauko ƙasa. Gashin da laushi, da ɗumi, yana ƙanshin man kaɗanya. Yatsuna da suka iya neman jijiya a hannun jariri sun rasa inda za su kama. Akwai tabo a bayan kunnenta, dogo, ya daɗe da warkewa, har da sawun ɗinki uku. Yaushe? Wa ya ɗinka? Ina ina?

Mma ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule. La'asar ba ta yi ba tukuna, balle in ce salla ta tafi.

"Anti, da zafi," in ji Shifa, ba ta waiwayo ba. "Bari Mma ta dawo."

Na sassauta. Ban saki ba, ban kuma ci gaba ba… silin gashi uku a hannuna, na manta wanne ake ɗorawa a kan wanne.