Sanyar Bakin Gonar Marayu

Tun da mijin Zulaikha ya rasu, Maikasuwa mai gonar da ke maƙwabtaka da tasu ya shiga cin iyaka. Kowace damina garmarsa sai ta ƙara shigowa cikin gonar marayu, har magana ta kai gaban mai unguwa. Shaida ɗaya ya rage a ƙauyen nan na gefen Roni, wato surukinta Baba Kaumi, wanda aka yanka iyakar da shi. Maikasuwa ya ce duk inda tsoho ya nuna ya amince. To me zai hana shi amincewa? Kowa ya san ciwon suga da hawan jini sun gama da Baba Kaumi. A kwance yake wuni, gajiya ba ta sakinsa, yana kiran jikarsa da sunan matarsa da ta daɗe a ƙasa, in aka matsa masa da tambaya sai hawaye.

Zulaikha ta hau acaɓa zuwa kasuwar Kazaure wajen Ya Kura mai magani.

"Kada ki daina ba shi na asibiti, 'yar nan," in ji Ya Kura. "Amma ki nemi saiwar sanya ɗanya, ki riƙa jiƙa masa ɗan kaɗan. Tana sauke gajiya, ta kwantar da rai, kai ya washe. Sai dai fa haƙuri, ba rana ɗaya take aiki ba."

Ba ta sha wahalar nema ba. Wasu 'yan bishiyoyin sanya na tsaye a jere can cikin ɓangaren da Maikasuwa ya haɗiye. Ta ce a ranta, ai ko ba komai ta rage hushi. Ta ɗauki fartanya ta yi ta tono duk tsawon rani, wannan ta bushe ta koma waccan. Masu neman itace suka kwashe busassun, 'yan ƙwadagon Maikasuwa suka yi shara suka baje ramukan.

Ko saiwar ce, ko kulawar ce, Allah masani, amma tsoho ya fara tasowa. Ya koma zama a zaure, ya kira jikarsa da sunanta, har ya yi wa Zulaikha tsiyar kunu ya yi ruwa. Ranar sai da ta ɓuya a madafa ta yi kukan murna.

Da ranar shari'a ta zo, aka ɗora shi a amalanke zuwa gona. Ya sauka da sandarsa, ya gaisa da kowa da sunansa, har fuskar Maikasuwa ta canza.

"Ranka ya daɗe, abin ba wuya," in ji Baba Kaumi ga mai unguwa, muryarsa tas. "Ni da mahaifin Maikasuwa muka yanka. Akwai sanya a jere, muka ce su ne iyaka, kada wanda ya taɓa su. Ku kai ni wajensu kawai."

Jama'a suka waiga gabas, suka waiga yamma. Fili fetal, ko kututture babu. Zulaikha ta matso gaban tsoho.

"Baba, ni na tone su," ta ce. "Amma na san wurin, wallahi na san wurin."

"Kun ji ko?" in ji Maikasuwa. "Ita ta tumɓuke shaida, kuma ita za ta nuna mana inda take."

Tsoho ya yi ta yawo yana soka sanda a ƙasa har numfashinsa ya fara sarƙewa. Bai yarda ya nuna abin da bai gani ba. Daga ƙarshe mai unguwa ya ce a bar iyaka inda garma ta tsaya bara.

A hanyar gida Zulaikha na bin amalanke a baya. Baba Kaumi ya jingina da buhu, idanunsa sun koma irin na da. Sun kusa shiga gari ya juyo ya kira ta da sunan matarsa.

"Ma'u, yau fa ba ki ba ni jiƙona ba."