Mai Gita a Saman Bene

Hureira ta gyara goyon Afnan, ta sake ƙwanƙwasa ƙofar. Daga ciki ƙarar gitar ta tsaya, ta dawo daga farko, ta sake tsinkewa a daidai inda ta saba. Tun da damina ta kama haka suke sha kullum bayan azahar, a gidansu da ke ƙasan wannan, cikin dogon benen da suke haya a unguwar Cheras, a ƙasar Malaysia.

Mijinta Salisu ya kusa zuwa gaban malamai ya kare kundin digirinsa na uku, kuma idan ya faɗi, jami'ar da ta turo shi ba za ta ƙara masa lokaci ba. Yau ya ture kwamfutarsa ya ce zai kira ofishin masu kula da benen. Maigadi ya taɓa gaya masa an riga an kai ƙarar mutumin sama, in aka sake mai gidan zai ba shi takardar tashi.

"Baban Afnan, bari in hau tukuna," ta ce masa. "Maƙwabci ne, ko gaisawa ba mu taɓa yi ba."

Wata dattijuwar Malay ce ta buɗe, da ɗankwali mai furanni da ludayi a hannu. Tun kafin Hureira ta gama sallama matar ta gane abin da ya kawo ta.

"Ƙarar ce ko? Shigo, lah. Sunana Rosnah, ni ke kula da gidan nan, amma kowa Makcik yake ce min, wato Gwaggo. Ga mai laifin can."

A tsakiyar falon wani tsoho ɗan Japan ne zaune a kan kujera marar hannu, siriri, farin gashinsa a ɗaure ta baya. Jar gita ce a cinyarsa, fentinta ya goge a inda hannu ke gogarta. Ya miƙe da ƙyar ya rusuna mata. Hannunsa na hagu a lanƙwashe yake, yatsun sun taru kamar mai riƙe da ƙwai.

"Nonomura," ya ce, yana nuna ƙirjinsa. "Yi haƙuri. Hannun ne ba ya jin magana."

Makcik ta zaunar da ita, ta kawo shayi, ta shiga ba ta labari da Turancinta mai gauraye da Malay. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. A ƙarshen wata akwai babban taron masu wasan gem na kwamfuta a unguwar Bukit Jalil, sun gayyace shi ya kaɗa waƙa guda ɗaya tak. Likita ya ce ya haƙura. Shi kuwa ya ce ko da rarrafe sai ya hau dandamalin.

"Da can mawaƙi ne?" Hureira ta tambaya.

Makcik ta ɗauko wayarta ta miƙa mata. Wani tsohon bidiyo ne. Saurayi mai gashi har gadon baya yana tsalle a cikin hasken fitilu, wannan jar gitar a wuyansa, yatsunsa suna gudu har ido ba ya iya bin su. A gabansa mutane ne iya ganinka, hannuwa a sama, kamar gonar gero iska na kaɗa ta. Hureira ta dubi wayar, ta dubi tsohon da ke murza yatsunsa da ɗaya hannun. Tsigar jikinta ta tashi.

"Ƙungiyarmu ta mawaƙa ba ta daɗe ba," in ji shi. "Muka watse. Babu aiki, sai wani kamfanin gem ya ɗauke ni. Na'urar lokacin sauti uku kawai take iya fitarwa a tare. Ni da na saba da ƙarar da ke girgiza gini, aka ce in saka daji da teku da tsoro a cikin sauti uku." Ya yi dariya. "Ko sunana ba sa rubutawa. Na ɗauka rayuwata ta ƙare a wannan ɗan ofis."

"Kaɗa mata a hankali," Makcik ta ce. "Ta ji abin da kake hana ta barci da shi."

Ya rage ƙarar, ya ɗora yatsun a kan wayoyin gitar ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙasa, ta cikin siminti, gurnani kawai Hureira take ji. Yanzu kuwa sautin ya fito tas, yana hawa a hankali kamar mai taka matakala.

Kofin ya tsaya a hannunta. Ta san waƙar nan.

Ta ga ɗakin zaurensu a Gwammaja, da baƙar talabijin, da kaset ɗin gem ɗin da yayanta Najib ya sayo a kasuwar Sabon Gari, wanda sai an hura masa iska yake kamawa. Da an kawo wuta za su ruga su zauna a tabarma, shi yana tuƙa ɗan mutumin da ke ratsa daji, ita tana gaya masa inda rami yake. Ko da ya girma ya zama direban tanka, da wannan waƙar yake fito in yana wanke mota. Watanni kaɗan bayan zuwanta Malaysia ya rasu a hanyar Lokoja. Tana da tsohon ciki, ba ta je ba. A waya aka yi mata ta'aziyya.

Yatsun tsohon suka kai wurin da suke tsinkewa, suka zame. Ya sauke numfashi.

Hureira ba ta san lokacin da ta ɗauka daga nan ba. Bakinta a rufe, da hanci kawai, ta ƙarasa waƙar har inda take juyawa ta koma farko. Afnan ta leƙo ta kafaɗarta tana kallon bakin uwarta.

Tsohon ya juyo gare ta.

"A ina kika san ta?" ya tambaya.

"A Kano. Arewacin Najeriya."

"Ba mu taɓa sayar da shi a can ba."

"Na jabu ne," ta ce, tana share ido da gefen hijabi. "Yayana ne ya saya. Ya rasu."

Nonomura ya jingine gitar. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"A dare ɗaya na rubuta ta, ina fushi, ina cin taliya mai sanyi," ya ce. "Na ce wa zai saurari wannan? Yara za su danna su wuce." Ya ɗago. "Yaya sunansa?"

"Najib."

Ya maimaita sunan a hankali har ya zauna masa a baki. Hureira tana kallonsa, tana ta jujjuya abin a ranta. Wani mutum a wani ofis a ƙarshen duniya, bai san akwai Gwammaja ba, ya ƙirƙiro abin da ya zauna a bakin yayanta har kabari. Ga shi kuma Allah ya ajiye shi a saman kanta, tana ta yi masa tsaki.

"In kun ce in daina, zan daina," ya ce. "Kuna da haƙƙi."

Hureira ta miƙe ta gyara goyonta. Makcik ta cusa mata ledar soyayyar ayaba, ta rako ta har bakin lifta.

Ta sami Salisu a tsaye a falo, waya a hannu.

"Me ya ce? Kin daɗe."

Kafin ta buɗe baki gurnanin ya fara saukowa ta silin. Salisu ya girgiza kai ya fara neman lamba. Ta ɗora hannu a kan wayar.

"Zuwa ƙarshen wata ne kawai. Don Allah ka bar shi."

"Hureira, kin san abin da ke gabana."

"Na sani. Laburarenku a buɗe yake har magariba, ga sanyi. Zan riƙa zuba maka abinci ka tafi da shi."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya lura da idanunta. Ba shi take kallo ba. Ta ɗaga kai sama, leɓɓanta na motsi, tana bin sautin taki-taki. Ya hau, ya hau, ya kai wurin nan, ya zame.

"Saura kaɗan," ta ce a hankali. "Sake."

Salisu ya daɗe yana kallonta. Tun rasuwar Najib bai ga fuskarta haka ba. Ya sa wayar a aljihu, ya naɗe wayar cajin kwamfutarsa.

"In na dawo kya ba ni labari," ya ce. "Ina kika ajiye min lema?"