Libarbar Baba Ɗantsoho

Rauda na zaune a tsakar gidansu na Tudun Wada, tana ta kokawa da tsohuwar libarbar mahaifinta, ƙaninta Adnan na tsaye a kanta yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Lasisin bindigar ya ƙare, gobe za a miƙa ta ga 'yan sanda, kuma Rauda ta rantse bindigar ba za ta bar gidan nan da dauɗa ba. Harsasan tuni aka mayar.

Ramukan nan shida da harsashi ke shiga duk sun yi zobe na dalma da baƙin hayaƙi, ya kafe kamar ƙanzo a tukunya. Ta goga da tsumma har yatsunta suka yi zafi, a banza.

Baba Ɗantsoho na kan tabarma yana kallon bango. Shi ne ya yi rayuwarsa yana kula da makaman 'yan sanda, amma tun bara mantuwa ta cinye shi. Kullum Rauda ta taso daga Hanwa ta gaishe shi, sai ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, daga ina?" Wannan Hajiyar tana ƙona mata rai. Ba ta neman komai sai ya kira sunanta sau ɗaya.

Ƙamshin man bindiga ne ya juyo da kansa. Ya miƙo hannu.

"Yaya, kada ki ba shi," in ji Adnan.

"Babu komai a cikinta, sarkin tsoro."

Ta ba shi. Hannun da ba ya iya riƙe cokali ya karɓe ta cak, ya kawar da bakinta daga mutane, ya buɗe, ya duba ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ture tsumman, ya zaro buroshin tagulla daga akwatin kayan aikinsa, ya tsoma a mai, ya shafe kowane rami. Sannan ya ajiye, ya jira.

"Ya manta kuma," Adnan ya yi raɗa.

"Dalma ba ta son gaggawa," Baba ya ce, ba tare da ya kalle shi ba. "Sai ta jiƙa."

Rauda ta ɗago ta dube shi. Rabon da ta ji muryar nan da ƙarfinta har ta manta. Ya ɗauki buroshi yana murzawa, baƙin na saukowa, ɓarɓashin dalma na zuba a kan jarida. Su biyun suka zuba wa hannunsa ido.

Da ya gama, ya ɗaga bindigar ya leƙa rami, duhu ya hana shi gani. Tun Rauda na ƙarama, a nan ne aikinta yake: ta sa farcen babban yatsanta a bayan ramin, farinsa ya mayar da hasken rana ciki. Ba ta san lokacin da ta matsa ta kara yatsan ba.

Ya leƙa, ya daɗe. Sai ya ɓata fuska, ya kama yatsan, ya juya shi yana duban jan farcen.

"Rauda," ya ce, "kin sake sa lalle? Da me kike so in gani?"

Ta goge ido da gefen mayafi, ta miƙa masa ɗayan hannun, shi ma jajir.