Shekarar da Ruwa Ya Janye

"Matsa, tsoho, ka tare min haske."

Bai matsa ba. Yana tsaye a kan jikarsa, ita kuma tana bakin gado da wayar uwarta. Aikin gida aka ba 'yan aji huɗu a kan tarihin madatsar ruwan yankinsu. Malamarsu ta nuna musu wani shafi na yara a intanet, mai hotunan da aka ɗauka daga sama, shekara bayan shekara. Akwai ɗan layi a ƙasan hoton. Ka ja dama, ruwa ya cika. Ka ja hagu, ya janye.

"Kalli, mijina. Ni ke kawo ruwa, ni ke kwashewa."

"Aikin ke nan? Wasa da yatsa?"

"Kimiyya ce. A zamaninku babu."

Ta sake ja. Shuɗin ya tsuke, laka ta fito, cikin lakar kuma ga layuka kamar an zana da tsinke.

"Tsaya," ya ce.

Shekarar babban fari ce. A wannan shekarar ruwan ya janye har tsohon garinsu ya bayyana, garin da aka tashe su daga cikinsa saboda madatsar. Tsararrakinsa sun cika mota sun je gani. Shi ya ce ba ya zuwa kallon laka. Yanzu duk sun mutu, ruwan kuma bai ƙara janyewa ba.

Ya zauna. Gwiwarsa ta yi ƙara.

"Wannan hanyar kasuwa ce. Bi ta. Karya dama. Gida na uku."

"Babu gida, Kaka. Zane ne kawai."

"Bayansa. Matso da shi."

Ta buɗa yatsu biyu, hoton ya girma.

'Yarsa ta leƙo sanye da fararen kayan asibiti, jaka a kafaɗa. "Baba, zan makara. A ba ni wayar."

"Ƙara," ya ce wa yarinyar.

"Ya kai ƙarshe. Iyakarsa ke nan."

Wani dishi-dishi ne ruwan ƙasa, da ɗigo mai duhu a gefe. Ko dai kututturen bishiyar bayan gidan ne, ko dutsen da ya aza da hannunsa, ko kuwa datti a gilashin wayar. Ya goge da bakin rigarsa. Ɗigon yana nan.

"Me ke wurin?" 'yarsa ta tambaya.

"Yayanki. Bai kai ga yin tafiya ba ya rasu."

Ba ta taɓa jin tana da wa ba. Ta sauke jakar a hankali.

"A ajiye maka hoton, Baba?"

"A'a. Rana ta dake shi da yawa."

Ya karɓi wayar. Yatsansa mai kanta ne, sai da ya gwada ya sake kafin layin ya bi shi. Ya ja shi dama sannu-sannu, yadda ake ja wa mai barci mayafi, har shuɗin ya rufe wurin.

Ya miƙa mata. "Je ki aiki."