Ƙwan da Na Wanke

Duk layinmu babu wanda zai ce ya taɓa ganin kashin kaza a jikin ƙwan da ya fito daga hannuna. Kaji goma sha ɗaya gare ni a bayan ɗaki, kusa da igiyar shanya. Kullum da safe in na kwashe ƙwai sai in zuba su a bokitin ruwan sanyi, in bi su da soso ɗaya bayan ɗaya. Na sayarwa daban, na maƙwabta daban, manyan kuwa na jikata ne, wadda nake kira Ƙawata. Shekararta huɗu, kuma gimbiyar ba ta cin ƙwai sai mai ruwa-ruwa.

Kwananta tara a asibiti, amai da gudawa, har aka rasa jijiyar da za a sa mata ruwa. Gida biyu da na aika wa ƙwai su ma sun kwanta. Sai ga duba-gari da takardarsa.

Na tarbe shi da gadara, na nuna masa bokiti da soso, na ce ya nemo min ƙazanta in ya isa. Bawan Allah ko murya bai ɗaga ba. Ya ce ƙwai da rigarsa yake fitowa daga cikin kaza, wadda ido ba ya gani. Wanki yana cire ta, ruwan sanyi kuma yana sa ɓawon ya zuƙe dattin zuwa ciki. Ya hana ni sayarwa, ya hana ni kyauta, sai an sake dubawa.

Garin neman gira na rasa ido. Da ni ƙazama ce, da yarinyar nan ba ta kwanta ba, kuma wannan tunanin ya hana ni sukuni har yau.

'Yata ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi, da na ji sanyi. Wata biyu ba ta kawo min yarinyar ba, kullum da uzurinta. Ran da suka zo, da kular abinci suka shigo, har da gorar ruwansu.

Na aika aka sayo ƙwai ɗaya a kanti, na dafa shi har ya yi tauri, na ɓare, na miƙa. Ƙawata ta kalli uwarta, ta mai da hannuwanta baya.

"Kaka, Mama ta ce in kin ba ni abu in ce na ƙoshi."

Na jira 'yata ta ce wani abu. Ta sunkuya tana buɗe kular.