Saura Minti Goma a Saki Balan-balan

Saura minti goma a saki balan-balan ɗin, na'urarsu ta yi shiru.

Wata huɗu Auta da ƙawayenta biyu, Doguwa da Mai Tabarau, suka yi suna haɗa ta a makaranta. Ɗan tauraron ɗan'adam ne na koyo, a cikin gwangwanin lemo, balan-balan zai ɗaga shi, ya auna zafi da nisan sama ya aiko wa kwamfuta. Gasa ce da hukumar binciken sararin samaniya ta shirya. Ga su yanzu a filin ƙwallo, lambobin kwamfutar sun tsaya cak.

Jami'ar hukumar ta dubi agogo. "In lokaci ya cika babu sigina, na bayanku za su shigo. Kuma babba ba ya sa hannu, ko malamarku ce."

Baban Auta, mai gyaran rediyo, yana bayan igiyar da aka tare iyaye da ita. Ya kasa haƙuri.

"Auta! Duba batir!"

"Baba, ko da baki ba a yarda ba," in ji jami'ar.

Ya ja baya daga igiyar.

Auta ta auna batirin. Lafiya lau. Ta buɗe gwangwanin.

"Saura shida," Doguwa ta ce. "Shi ke nan, mun kaɗe."

"Yi min shiru, don Allah! Riƙe nan," in ji Auta.

Da Auta ta karkata na'urar, ƙaramar fitilar ciki ta kama, ta mutu. Ta sake karkatawa, ta sake kamawa. Sai ta gani: dalmar da ta riƙe wata jar waya ta tsage.

Mai Tabarau ta jona ƙarfen liƙi. Minti biyu yake ɗauka kafin ya yi zafi. Suka zuba masa ido.

Saura minti ɗaya Auta ta ɗiga dalmar. Ƙarfen ya lashi yatsarta, ta cije leɓe, ba ta janye ba.

"Lambobi!" Doguwa ta ƙwalla ihu. "Suna shigowa!"

Aka ɗaura gwangwanin a jikin balan-balan, aka sake shi. Mita ɗari, ɗari uku, dubu. Auta ta zauna daɓas a ciyawa.

"Tashi, 'yata, aiki bai ƙare ba," jami'ar ta ce. "Iska na jan sa gabas. Ku shiga mota, ku za ku nemo inda zai sauka."